Jan Biro Ya Daina Faɗin Gaskiya: Inda Lissafi da Rubutun 'Ya'yanmu Suke Lalacewa a Legas

Ranar 4 ga Agustan 2025 hukumar WAEC, wadda babban ofishinta na Najeriya yake nan Yaba, ta fitar da sakamakon 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Kashi 38.32 cikin ɗari kacal aka ce sun samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Gidaje da yawa ranar an kwana da ɓacin rai. Bayan kwana huɗu sai ga hukumar ta dawo tana ba da haƙuri. Ashe ta jujjuya jerin tambayoyin canki-canka ne don toshe satar amsa, sai aka duba wasu takardun Turanci da jerin amsoshin da ba nasu ba. Da aka sake dubawa, adadin ya tashi zuwa kashi 62.96. Yaran su ne dai, abin da suka rubuta shi ne dai, mai dubawa ne ya yi tuntuɓe. Kafin nan, a watan Mayu, shugaban JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, Farfesa Is-haq Oloyede, ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida, yana amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997, kuma fiye da rabinsu a cibiyoyin Legas suka zauna jarrabawar.

Waɗannan kura-kuran an gano su ne saboda ƙasa ta ɗauki ihu. Akwai kuma wani dubawar da ake yi kullum ta Allah a aji uku da aji huɗu na firamare, a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, wanda babu mai bin diddiginsa, babu ɗan jaridar da zai tambaya. A ganina can ne lissafi da rubutun yaranmu suke lalacewa, shekara takwas ko tara kafin su ga takardar WAEC da idonsu.

Amma tukuna, da gaske ne ilimin faɗuwa ya yi? Duk majalisar da ka zauna bayan la'asar sai ka ji dattijo yana rantsuwa cewa ɗan aji bakwai na zamaninsu ya fi mai digirin yau iya rubuta wasiƙa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai akwai abin da ake mantawa. Kafin shirin UPE na 1976, wato ilimin firamare kyauta ga kowa, 'yan ƙalilan ne ke shiga boko, musamman a Arewa. Wanda bai gane ba ya maimaita aji, ya sake maimaitawa, in ya gaji ya koma gona ko kasuwa. Waɗanda suka kai aji bakwai tatattu ne, da su kuma ake gwada kowa da kowa na yau. Nan Legas ma, kafin Lateef Jakande ya zama gwamna a 1979, karatun karɓa-karɓa ake yi a makarantun gwamnati, wasu da safe wasu da rana, saboda azuzuwa ba sa isa. Shi ya soke tsarin, ya yi ta gina azuzuwa. Jiyan ma dai ba lafiya lau take ba.

Alƙaluman WAEC su ma ba sa raba gardamar. A 2014 kashi 31.28 suka samu kiredit biyar ɗin nan. A 2021 an ce kashi 81.7. A 2024 ya sauko 72.12. Wa zai yarda cewa ƙwaƙwalwar yaran Najeriya ta ninka fiye da sau biyu cikin shekara bakwai, sannan ta fara zubewa? Abin da ke hawa yana sauka a nan ya haɗa da tsananin sa ido a ɗakin jarrabawa, da yawan satar amsa, da yadda aka tsara tambayoyin shekarar. Ma'aunin da ya fi kama hankali shi ne binciken gida-gida da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021. An zaunar da yara 'yan shekara 7 zuwa 14, aka ba su ɗan gajeren labari su karanta, aka ba su lissafi irin na ƙananan azuzuwa. A faɗin ƙasa, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ya iya. Legas tana gaban yawancin jihohi, wannan ba a musu. Duk da haka, a 2025 gwamnatin jihar da bakinta ta bayyana cewa fiye da rabin ɗaliban makarantunta da ta biya wa kuɗin WAEC na 2024 ba su ci ba, yara sama da 31,000.

To ko daga sama aka faɗo, ko tun asali ba a hau ba, abu ɗaya ne sabo: da, yaron da bai iya ba takardarsa tana nuna bai iya ba. Yanzu yaro yana gama firamare bai iya ɗebe lamba uku daga lamba uku ba, alhali takardar sakamakonsa cike take da 80 da 90.

Wani maƙwabcina mai sana'ar albasa ya taɓa miƙo mini littafin lissafin ɗansa ɗan aji huɗu. Ya ce, "Malam, don Allah duba mini. Yaron nan kullum na biyu ko na uku yake zuwa, amma na sa shi ya rubuta mini bashin da nake bi, ban gane kan abin da ya rubuto ba." Na buɗe tsakiyar littafin. Ga 402 a sama, ga 178 a ƙasa, an ce a ɗebe. Yaron ya rubuta 376. A gefe ga alamar daidai da jan biro, doguwa, har ta haye layi biyu. Na gangara ƙasa: 531 a ɗebe 246, ya rubuta 315, shi ma an ba shi. Amsar farko 224 ce, ta biyu 285. A ƙarshen shafin an rubuta 10 bisa 10 da kalmar yabo.

Ku dubi lambobin da kyau, za ku ga yaron ba cankar amsa ya yi ba, kuma ba daƙiƙi ba ne. Wata ƙa'ida yake bi wadda ya ƙirƙira wa kansa: a kowane layi, a cire ƙaramar lamba daga babba, ko wacce ce a sama. Takwas da biyu, shida. Bakwai da sifili, bakwai. Huɗu da ɗaya, uku. Ga 376 ɗinsa. Abin da ya kuɓuce masa shi ne aro, aron kuma ya kuɓuce masa ne don bai taɓa fahimtar cewa 4 ɗin da ke cikin 402 ɗari huɗu ce, wadda za a iya farfasa ta zuwa goma-goma ba. Malamin da ya tsaya ya dubi shafin nan na minti ɗaya zai gane ciwon. Maganinsa kuma ba tsada: tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma, a sa yaron ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa, ya ga yadda goma ɗaya take zama ɗai-ɗai guda goma. Aikin rabin awa ne, a maimaita kwana biyu ko uku. In ba a yi ba, da wannan gurguwar ƙa'ida zai shiga doguwar rabawa, ya shiga lissafin rabi da sulusi da rubu'i, ya shiga aljabara a ƙaramar sakandare. Lissafi ba ya yafe bashi. Darasin tarihi in ka rasa na wannan mako za ka iya gane na mako mai zuwa, amma lissafi kowane darasi a kan na baya yake zaune.

Ko da malamar ta soke amsar ta ba shi sifili, aikin bai cika ba. Soke amsa yana gaya wa yaro ya yi kuskure, bai gaya masa a ina ba. Waɗanda suka yi firamare a da za su tuna cewa bayan kowane aiki akwai gyara: ka sake yin duk lissafin da ka faɗi a ƙasan shafin, kalmar da ka rubuta ba daidai ba ka sake rubuta ta sau uku ko biyar, malam kuma ba zai duba sabon aiki ba sai ya ga gyaran jiya. Yanzu a azuzuwa da yawa abin da ake kira gyara shi ne malami ya rubuta amsoshi a allo, yara su yi musayar littattafai su duba wa juna, kowa ya kwafe amsar. An kwafi 224, ba a san ta inda ta fito ba.

Me ya hana malami dubawa? A makarantar gwamnati amsar tambayar ita ma lissafi ce. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A ce aji yana da yara 60, kuma a rana an yi aikin rubutu a darasi huɗu. Littafi 240 ke nan. In kowane littafi ya ci minti ɗaya tak, awa huɗu ta tafi. Malamar da ta fito daga Ikorodu ko Sango tun kafin asuba, ta sha danfo biyu, kuma cunkoso yana jiranta a hanyar komawa, ina za ta samo awa huɗu? Sai aikin awa huɗu ya koma na minti ashirin, biro yana gudu a kan takarda ido bai sauka ba.

Sai dai yawancin yaranmu ba a makarantun gwamnati suke ba. Ƙidayar da aka yi a 2010 zuwa 2011 ta samu makarantun kuɗi 12,098 a jihar Legas, alhali firamaren gwamnati ba su wuce dubu da 'yan kai ba. Fiye da rabin ɗaliban jihar a makarantun kuɗin suke, mafi yawan makarantun kuma ba su da amincewar gwamnati a lokacin. Irin waɗannan ne a lungunanmu: bene mai hawa ɗaya ko gidan haya da aka yanyanka da katako, boko da safe, Islamiyya da yamma. A nan aji bai cika wuce yara goma sha biyar ko ashirin ba, don haka uzurin yawa bai taso ba. Ciwon nan daban ne, kuma ya fi wuyar magani, domin maki ya zama haja.

Mai makaranta da kuɗin zango yake ci, da shi yake biyan haya. A layinsa akwai wasu makarantu biyu ko uku suna jiran yaron da za a cire. Uban da ya ga 35 a takardar ɗansa ba ya cewa yaron yana buƙatar taimako, cewa yake makarantar ba ta koyarwa, zango mai zuwa sai a ga yaron da sabon yunifom. Mai makaranta ya san haka, don haka tun kafin jarrabawa malamai sun ji a jikinsu cewa ba a son ganin ja a takardar sakamako. Malamin kuwa albashinsa a irin waɗannan makarantu sau da yawa bai kama ƙafar naira 85,000 da jihar ta yanke a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba. Da lesin yake cike giɓin, iyayen ajinsa kuma su ne masu biyan lesin ɗin. Yanzu mutumin da ka biya shi ya yi wa ɗanka lesin wata uku, shi ne kuma zai duba jarrabawar yaron, ta yaya zai kayar da shi? Ai kansa zai kayar.

Ga kuma makin gwajin cikin zango, wanda ya shigo tare da tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku-uku a ƙaramar sakandare da babba, huɗu a jami'a. Niyyar mai kyau ce: kada a yanke wa yaro hukunci da jarrabawar rana ɗaya, a riƙa auna shi a hankali ana gyara masa. A aikace, maki 30 ko 40 ne a hannun malami, a wurare da yawa kuma sai daren da za a cike takardun sakamako ake raba su, a ɗaga wanda ya yi ƙasa don jimla ta kai. Daga nan sai tsallaken aji. Makarantun kuɗi da yawa a Legas ba su da aji shida ma sam, daga biyar, wani lokacin daga huɗu, sai ƙaramar sakandare. Mu iyaye kuma har alfahari muke yi: "Ai nawa shekararsa tara ya shiga sakandare." Ba ma tambayar wane ne ya koya masa abin da ke cikin ajin da ya tsallake.

Namu laifin bai tsaya nan ba. Uba ya fita kasuwa tun duku-duku, sai bayan isha'i. Uwa ƙila ba ta karanta Turanci. Aikin gida sai ya faɗa hannun yaya ko malamin lesin, kwanan nan ma hannun waya. Washegari malama ta duba aikin yaya ta ba ƙane maki. Kowa ya rufa wa kowa asiri, yaron ne kaɗai aka bari a tsirara.

Abin da ya fi ba ni takaici a batun lissafi shi ne mu ba baƙinsa ba ne. Duk Legas an san Bahaushe da hisabi. Je ka wajen 'yan canji ka ga yadda ake juya dala zuwa naira kafin ka gama zaro waya daga aljihu. Je ka Mile 12 ka ga dillalin tumatir da bai taɓa zama a benci ba yana haɗa kuɗin kwando talatin da bakwai, ya cire kuɗin mota, ya cire la'ada, ya cire na 'yan dako, duk a ka. Yaron nan mai 376, in ka sayi albasar ɗari shida da hamsin ka miƙa masa dubu, ba zai yi ko ƙiftawa ba zai ba ka ɗari uku da hamsin. Yadda yake yi shi ne ya hau daga ƙasa: hamsin ta cika ɗari bakwai, ɗari uku ta cika dubu. Wannan lissafi ne cikakke. Masu bincike a birnin Recife na Brazil sun nuna irin wannan tun 1985: yara masu talla suna cin kusan duk lissafin ciniki a bakin titi, in aka rubuta musu lambobin nan a takarda sai su faɗi da yawa. Lissafin yana cikin kan yaron, makaranta ce ba ta haɗa shi da na takarda ba. Da malamar ta tambaye shi, "In kana da naira 402 ka kashe kusan 200, zai yiwu ka rage da kusan 400?" da shi da kansa zai yi dariya.

Shi ma lissafin kasuwar ya fara ja da baya. Na'urar POS da tiransifa sun rage ƙirga canji, kalkuletar waya ta ɗauke sauran. Littattafan makaranta kuma har yau suna kawo lissafin naira da kwabo, ga yaron da bai taɓa riƙe kwabo a hannunsa ba. Haddar jadawalin sau da ake rerawa da safe, biyu sau biyu huɗu, da lissafin ka da ake jefa wa yara kafin a shiga darasi, makarantu da yawa sun yar da su tare da bulalar da ke raka su. Bulalar ba na kewarta, gwamnatin Legas ma ta haramta duka a makarantu. Haddar kuwa an yi asararta. Yaron da sai ya ƙirga yatsu kafin ya san bakwai sau takwas, kansa ya riga ya cika kafin ya iso ainihin tambayar.

Sannan ga harshe. Ɗan Bahaushen Agege yana tashi da Hausa a gida, Yarbanci da Turancin buroka a layi, Larabci a Islamiyya, Turancin littafi a aji. Wannan arziki ne, amma a shekarun farko nauyi ne. Tambayar lissafi da aka rubuta da jimloli, sau da yawa Turancin ne ke kayar da shi kafin lambobin. In aji bai gane ba, malama takan juya zuwa Yarbanci ta yi bayani. Haifaffen nan ya bi ta, wanda aka kawo daga Kano ko Sakkwato bara ya zauna yana kallon bakinta. Farfesa Babs Fafunwa, ɗan Isale Eko, ya gwada koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare a Ife daga 1970, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Jihar Legas ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu da dokar 2018. Gwamnatin tarayya a 2022 ta ce a koyar da harshen uwa tsawon firamare, a ƙarshen 2025 kuma ta janye ta ce a koma Turanci. Duk wannan kai-komon ta saman kan yaranmu ya wuce, domin harshen yanki a Legas Yarbanci ne, littattafan koyon karatu da Hausa irin su Mu Karanta da aka raba a Sakkwato da Bauchi kuma ba nan aka yi su domin su zo ba. Yaronmu yana koyon karatu a karon farko da harshen da bai riga ya ji ba.

Daga nan matsalar haɗa baƙi take farawa. Rubutun Hausa na boko kusan yadda ka faɗa haka za ka rubuta. Turanci ba haka yake ba, kunne kaɗai ba ya isa. Yaron da ke rubutu da kunne, lafazin malaminsa yake rubutawa haɗe da nasa: inda Bahaushe ke cakuɗa p da f, inda Bayarabe ke sauke h a farkon kalma, duk sai su hau takarda. Abin da ke gyara wannan sananne ne. Yawan karatu har ido ya saba da surar kalma, shifta a kai a kai, da gyara bayan kuskure. Littafin labari ya yi ƙaranci a gidajenmu. Shifta ta zama sai an ga dama. Littattafan cike gurbi da tambayoyin canki-canka sun maye gurbin insha'i, saboda sun fi saurin dubawa, har yaro ya yi mako bai ƙirƙiri jimla uku a jere da kansa ba. Abin da yake rubutawa mai tsawo shi ne kwafar allo, in kuwa akwai kuskure a allon, aji guda ya kwashe shi ya haddace.

Ana yawan ɗora wa waya laifi, da su ykk da lfy da ngd da xan xo. Ni ban ɗauke ta babbar mai laifi ba. Wanda ya san cikakkiyar kalma ya gajarta ta don sauri bai yi asarar komai ba. Wanda ke cikin hatsari shi ne yaron da gajeren ne kaɗai ya taɓa gani. Haka kuma Hausar yaranmu na Legas take: suna jinta raɗau, amma ba wanda ya taɓa koya musu rubuta ta, balle su san baƙaƙe masu ƙugiya ko inda ake raba kalma.

Ranar biyan bashin kuwa tana zuwa. A insha'in Turanci na WAEC, cikin maki 50 an ware 10 don tsabtar rubutu, wato haɗa baƙi da nahawu da alamomin tsayawa, kowane kuskure kuma rabin maki yake ci. Kuskure ashirin, goman ta tafi. Yaron da bai saba da gyara ba zai iya ƙarar da ita kafin ya juya shafi. A lissafi kuma mai dubawa yana ba da maki a kan hanyar da aka bi, daban da makin amsar ƙarshe. Wanda ya tashi a ajin da amsa kaɗai ake dubawa bai saba nuna hanya ba, sai ya zubar da makin da ke hannunsa. A nan ne uba ke fara jin labarin cibiyoyin da ake biya a “taimaka” wa yaro, ya sake zuba kuɗi a kan ɓarnar da ta faro tun aji uku.

Ba za a tsallake batun malaman kansu ba, ko da yake ba na son a mai da su abin zagi. Kwalejojin horar da malamai masu daraja ta biyu, waɗanda suka yaye malaman iyayenmu, shekaru suke ɗauka suna koyar da sana'ar kanta: yadda ake rubutu a allo, yadda ake koyar da baƙi, yadda ake duba littafi. An rufe su, aka mai da NCE, takardar kammala kwalejin ilimi, mafi ƙarancin shaidar koyarwa, kwalejojin ilimi kuma su ne aka daɗe ana yanka wa mafi ƙarancin maki a JAMB, don haka sau da yawa wanda jami'a ta ƙi ne ke faɗawa can. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 ba su kai kashi 75 ba. An yi ta yawo da takardunsu ana dariya. Ni abin da na gani a takardun shi ne yaran jiya waɗanda su ma ba a duba musu littafi ba, sun girma an miƙa musu jan biro. Mai yiwuwa malamar da ta ba 376 maki gaggawa ce ta sa ta. Mai yiwuwa kuma amsar da ke bayan littafi kawai take iya bi, ranar ba ta buɗe shi ba.

Gwamnatin Legas ta Sanwo-Olu ta kawo shirin EKOEXCEL a 2019, inda aka ba malaman firamaren gwamnati ƙananan kwamfutocin hannu ɗauke da darasin kowace rana a rubuce, ana kuma ganin wanda ya zo aiki da wanda ya kammala darasi. Wannan ya taɓa matsala ta gaske, wato malamin da ba ya zuwa da wanda ke shiga aji ba shiri. Amma na'urar tana ƙirga darasin da aka gabatar ne, ba ta buɗe littafin yaro, shirin kuma bai shafi dubban makarantun kuɗin da yaranmu suka fi yawa a ciki ba. Jihar tana da ofishin tabbatar da ingancin ilimi mai zagaya makarantu. Da ni ne mai zagayen, kafin in nemi takardar rajista ko in leƙa bayan gida, littafi goma zan zaro daga jakunkunan yara ba tare da na bari an zaɓar mini ba, in zauna in sake duba abin da aka riga aka duba.

Mu kuwa, in akwai al'ummar da ta san darajar duba aikin ɗalibi, mu ne. A makarantar allo malam yakan karɓi allon almajiri ya bi shi baƙi-baƙi, wasalin da ya karkace ya gyara, ɗigon da ya ɓace ya mayar. Yaro ba ya wanke allo sai ya biya ba tuntuɓe. Ba uban da ke zuwa faɗa don an hana ɗansa ƙari, hasali ma malamin da ke wuce da yaro da ɓata shi ake cire wa ɗalibai. Uban nan dai shi ne ke karɓar 90 a boko ya sa albarka bai tambaya ba, don yana ganin ba fagensa ba ne.

Alhali akwai abin da zai iya ko bai san baƙin boko ko ɗaya ba. Ya buɗe littafin ya ga ko jan biron yana yin wani abu ban da alamar daidai, ko akwai inda aka kewaye kalma, ko akwai gyara da hannun yaron a ƙasan aiki. Littafin da babu kuskure ko ɗaya daga bango zuwa bango abin tsoro ne. Ya ba yaron lissafin shagonsa na ranar, wanda shi ya riga ya san amsarsa a ka, ya ce a yi masa a takarda. Ranar karɓar sakamako kuma, maimakon "na nawa ya zo?" ya ce, "Malama, a ina yaron nan yake yawan kuskure?" Wadda ke duba littafi za ta amsa nan take, ta ce aro ne ke ba shi wuya, ko yana juya b da d. Wadda ba ta dubawa za ta ce yana ƙoƙari sosai.

Mai wuyar shi ne abin da zai biyo baya. In malamar ta faɗi gaskiya, ta ce yaron ya maimaita aji huɗu, kuɗin shekara guda ne ƙari, ga surutun maƙwabta, ga makarantar gaba da za ta karɓe shi ta sa shi aji biyar gobe da safe ba gwaji. Makarantar da ta fara faɗin gaskiya a layi ita ce za ta fara rasa ɗalibai. Mai makaranta ba zai ɗauki wannan kasadar don uba ɗaya ba. Sai iyaye goma ko ashirin, irin waɗanda ke haɗuwa a sahu ɗaya a masallacin unguwa ko a ƙungiyar kasuwa ɗaya, sun je masa tare sun ce makin gaskiya suke so, kuma ba za su cire yaransu don an ba su 40 ba.